Babi na Bakwai: Kaskon Tuya a Birnin Damagaram

A babin da ya gabata mun yi bayanin tuwo da fura, waɗanda su ne ginshiƙin cimar mutanen wannan ƙasa, har ma akan ce gidan da ba a ɗora tukunyar tuwo ba an kwana da yunwa ko da an ci wani abu. Yanzu kuwa, da yardar Allah, za mu juya ga kayan tuya, watau dangin ƙullu da kwaɓi da ake jefawa cikin mai mai zafi su kumbura su taso, waɗanda ko da yake ba su kai matsayin wajibi ba a sha'anin ciki, duk da haka babu garin da zai amsa sunan birni alhali ba a jin ƙamshinsu a lungunansa tun kafin rana ta fito.

Abin da ya jawo wannan babi kuwa shi ne, wani ɗan ƙanwata da ya yi shekaru yana karatu a Amurka ya komo gida, muna zaune a zaure bayan sallar isha'i sai ya shiga ba ni labarin wani abin tuya da mutanen can suke ƙauna, wanda suke kira donat, kwaɓin fulawa ne da sukari mai huda a tsakiya kamar gammo. Ya ce akwai manyan kamfanoni da ba su da sana'a sai ita, irin su Krispy Kreme da aka kafa a 1937 da Dunkin' da ya fara a 1950, kowannensu yana da dubban kantuna, kuma wanda ka ci a wannan gari shi za ka ci a wancan, babu ragi babu ƙari. Da ya gama sai ya ce mini, “To Kawu, mu a nan Damagaram wane kanti ne ya fi kowa iya fanke, in je in sayo mana?” Na yi dariya har rawanina ya kusa warwarewa, na ce masa ai wannan tambaya ba ta da amsa a yadda ya ɗauko ta, domin mu nan gwanayen tuya ba su da allo a ƙofa, ba su da suna a takarda, da yawansu ma ba su taɓa fitowa bakin hanya ba. Wanda yake son na ƙwarai sai ya san abu uku, kamar yadda malamai suke kasa mas'ala zuwa rukunai: ya san irin da yake nema, ya san lokacinsa, ya kuma san hannun da ya kwaɓa. Waɗannan ukun su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Fasali a kan ire-irensu da asalin kowanne

Wanda ya dubi kayan tuyar wannan birni da idon basira zai ga sun kasu zuriya uku, gwargwadon ƙwayar da aka yi su da ita, kuma kowace zuriya tana da hanyar da ta biyo ta iso gare mu. Akwai 'yan ƙasa, waɗanda aka yi da wake da gero. Akwai baƙin hamada, waɗanda aka yi da alkama. Akwai kuma baƙin teku, waɗanda aka yi da farar fulawa ta buhu.

Babban 'yan ƙasa shi ne ƙosai, kuma daɗewarsa a ƙasashen Sudan, watau Afirka ta Yamma, ta wuce inda tunanin kakanninmu ya tsaya. Shaihin matafiya Ibnu Baɗɗuɗa, sa'ad da ya ƙetare Sahara ya shiga ƙasar Mali a shekara ta 1352, ya ba da labarin cewa ya ga mutanen ƙasar suna tono wata ƙwaya mai kama da wake daga cikin ƙasa, wani lokaci su niƙa ta su yi wani abu mai kama da tuyar da Larabawan Magrib suke kira isfanji, su soya da man kaɗanya. Masana suna ganin gujjiya ce ya gani. Ko ma dai mece ce, wannan ya isa hujja a kan cewa niƙa ƙwaya a jefa cikin mai ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu, shekara fiye da ɗari shida ke nan da wani baƙo ya gan shi ya rubuta. Daga nan Afirka ta Yamma ne kuma wannan sana'a ta ƙetare teku tare da bayin da aka kwashe, har yau a jihar Bahiya ta ƙasar Barazil mata suna zama bakin hanya da kaskonsu suna toya abin da suke kira akaraje, wanda ba kome ba ne face akaran Yarbawa, ƙosanmu na Hausa. Ga shi kuma Allah ya yi wa ƙasar Nijar baiwar wake, har ana lissafa ta cikin ƙasashen da suka fi kowa noma shi a duniya, tana bin bayan Nijeriya; saboda haka ƙosai a Damagaram ɗan gida ne gaba da baya.

Ƙanwarsa ita ce masa, wadda waɗansu suke kira waina. Ita ba a nutsar da ita cikin mai, a tanda ake toya ta, wannan kasko mai gurabu, ana ɗiga mai kaɗan-kaɗan ana juyawa. Masar da kakanninmu suka sani ta gero ce, mai ɗan tsami saboda ƙullun ya kwana, mai duhun jiki, mai riƙe ciki. Ta shinkafa fara daga baya ta yawaita. Masa ce abincin sadaka tun fil'azal: ranar Juma'a, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in in an yi rasuwa, ita akan toya a raba wa almajirai da maƙwabta, har ya zama ba a rasa almajirin da ya san gidajen da tanda ke hawa wuta daren Juma'a fiye da yadda ya san allonsa.

Zuriya ta biyu, watau 'ya'yan alkama, sunayensu ma kaɗai sun tona asalinsu. Kalmar alkama daga Larabci take, alƙamhu. Alkaki kuma daga alka'aku, sunan da Larabawa suke kiran dangin gurasar zaƙi da shi. Ba abin mamaki ba ne kuwa a same su da ƙarfi a wannan birni, in aka tuna matsayinsa a zamanin ayari. Tun da Sarki Sulaiman ya mayar da gadon sarautar Damagaram zuwa Zindar, watau wannan birni, a farkon ƙarni na 19, musamman kuma a zamanin ɗansa Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, ya rasu a 1884, wannan wuri ya zama mashigar fataken da ke tasowa daga Tarabulus da Gadamas, su biyo ta Gat da Asbin da Damargu, su nufi Kano ko Kukawa ta Barno. Unguwar Zango, wadda ke waje da ganuwa, nan ne masaukin Buzaye da Larabawa da raƙumansu, nan ne kuma manyan attajirai irin su Malam Yaro suka yi harkarsu. Wani Bature matafiyi mai suna Ricadsan ya sauka garin a farkon 1851, wani Baturen kuma, Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso a ƙarshen 1852, duka biyu sun tarar da fataken arewa zaune da dukiyarsu. To, mutum ba ya yin shekaru a baƙon gari bai nemi abincin gidansu ba. Kuyangi da matan da suka aura suka koyi murza alkama da naɗe ta da tsoma ta a zuma, daga gidajen fatake sana'ar ta shiga fada, daga fada ta watsu cikin gari. Wanda ya taɓa zuwa Libiya ya ga abin da suke kira dibla, siririn kwaɓi da ake naɗewa a soya a tsoma cikin ruwan sukari, ba ya bukatar a gaya masa daga ina dubulan namu ya samo suna da siffa.

A cikin wannan zuriya akwai funkaso, kuma shi ne na nuna wa ɗan ƙanwata na ce, ga donat ɗinka nan tun ba a haifi kakan mai kamfanin ba. Garin alkama ne ake kwaɓawa da ruwa-ruwa, a rufe a ajiye wuri mai ɗumi har ya tashi, sa'an nan mai tuya ta jiƙa hannunta, ta ɗebo, ta faɗaɗa shi a tafinta, ta huda tsakiya da yatsa, ta sake shi cikin mai. Hikimar hudar nan kuwa ɗaya ce ko a Zindar ko a Amurka: kwaɓi mai kauri in ya shiga mai, bayansa yakan soyu tun cikinsa yana ɗanye, amma in an huda tsakiya sai mai ya ratsa ta ciki da waje, ya nuna gaba ɗaya. Bambancinmu da su shi ne, su sun ɗaure shi ga zaƙi kaɗai, mu kuwa mun bar masa ƙofa biyu, mai so ya ci da zuma ko sukari, mai so ya ci da miyar taushe da nama.

Amma sarkin wannan zuriya, wanda sunan Damagaram ya tafi da shi har Yamai da Agadas da Kano, shi ne alkaki. Aikinsa ba na gaggawa ba ne. Akan ɓarza alkama kada ta yi laushi ƙwarai, a murje ta da mai har ko'ina ya ji, a kwaɓa da abin tsami a bar ta ta kwana, wani lokaci har kwana biyu. In ta tashi a kashe tsamin da ruwan kanwa, a yi ta murzawa har ta yi danƙo, sa'an nan a mulmula ta siri-siri kamar igiya, a naɗe a yatsu a harɗe, a soya a hankali a wuta marar ƙarfi, a tsame a nutsar cikin zuma, ko cikin sukarin da aka dafa da tsamiya ko lemun tsami don kada ya daskare. Alkakin da ya amsa sunansa, in ka karya shi za ka ga zaƙin ya ratsa har cikin zuciyarsa, yana da ƙarfi a haƙori amma ba ya gagara, kuma yakan yi makonni, kai har watanni, bai lalace ba. Wannan daɗewa ita ce ta sa ya zama guzurin matafiyi da tsarabar baƙo, ita ce kuma ta ba shi kujerar gaba a cikin gara, sa'ad da iyayen amarya suke aika wa gidan ango da ƙwarya-ƙwarya da fanteka-fanteka na alkaki da nakiya da dubulan, dangin ango kuwa su zauna su duba, daga nan su yanke hukunci a kan irin gidan da amaryar ta fito.

Zuriya ta uku ita ce ƙaramar cikinsu a shekaru, ko da yake yau ta fi kowa yawan jama'a. Bayan da Faransawa suka ci Damagaram a 1899 a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, suka mai da Zindar hedkwatar mulkinsu daga 1911 har 1926 da suka koma Yamai, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano a 1911, sai fataucin hamada ya durƙushe, kaya suka koma shigowa ta bakin teku. Cikin abin da ya shigo har da farar fulawa da sukarin kwali da yis, waɗanda suka haifi burodi, suka kuma haifi fanke, wannan dunƙulallen abu mai laushi da Faransawa suke kira benye, Zabarmawa suke kira fari masa. Fanke ba ya son wahala: fulawa, yis, sukari, ɗan gishiri, ruwan ɗumi, sa'a ɗaya ko biyu ya tashi, a yanko da hannu a jefa. Sauƙinsa da araharsa su suka sa ya mamaye ƙofofin makarantu da tashoshin mota. Amma rauninsa shi ne, tushensa ba a gonarmu yake ba. Waɗanda suka yi wayo kafin watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, suna tune da yadda kayan waje suka yi tsalle cikin 'yan kwanaki, fanke kuma ya tsuke ya koma kamar ƙwan zabo alhali kuɗinsa bai ragu ba. Ƙosai da masa su ma tsada takan taɓa su, amma tasu tsadar daga damina take zuwa, ba daga wani taro da aka yi a wata ƙasa ba.

Fasali a kan lokaci

Ijma'in ma'abota wannan fanni ya tabbata a kan cewa, in ka ɗebe alkaki da dubulan waɗanda aka yi don ajiya, duk sauran kayan tuya rayuwarsu gajeriya ce ƙwarai, daga fitowarsu kasko zuwa hucewarsu. Dalili kuwa a fili yake. Sa'ad da ƙullu ya faɗa cikin mai mai zafi, ruwan da ke cikinsa yakan zama tururi ya yi ta turowa waje, wannan turowa ita ke hana mai shiga ciki, ita ce kuma ke sa bayan ya bushe ya yi ƙaras-ƙaras. Da zarar an tsame shi ya fara hucewa, sai tururin da ya rage ya komo ya jiƙa ɓawon, man da ke bayansa kuma ya tsotsu ciki, abin da yake ɗazu mai sauƙi kamar auduga ya koma nauyi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Saboda haka wanda ya sayi ƙosan asuba da azahar, sa'an nan ya ce mai ƙosan ba ta iya ba, ya zalunce ta, kuma ya yi shaidar zur.

Lokacin ƙosai na asali shi ne tsakanin sallar asuba da hantsi, tare da koko ko kunun tsamiya, musamman a watannin hunturu sa'ad da iskar arewa take busowa daga hamada tana ratsa tsakanin duwatsun nan da suka tokare Birni. Yana da lokaci na biyu da la'asar sakaliya. Amma ranar girmansa ita ce watan Ramalana, domin a wannan wata, tun daga bayan la'asar har kiran magariba, babu unguwar da ba ta da kasko a kan wuta, yara sun yi layi da kwanuka, kowa ido a kan rana, ido a kan matsami. Masa kuwa ta safe ce da ta ranar kasuwa. Funkaso na ranar suna ne da biki da Sallah. Fanke ba shi da wani ƙayyadadden lokaci, kuma wannan rashin ƙaidi shi ne babban abin da ke jawo masa zargi.

Na faɗi haka ne don abin da ya taɓa samuna. Wata shekara na taso daga Kano da yamma, muka tsaya a wata tasha a hanya, yunwa ta ci ƙarfina, sai ga wata yarinya da faranti, fanke ya yi ja yana sheƙi, na taɓa na ji da ɗumi, na sayi na dala ashirin ban yi ciniki ba. Da na gatsa sai na ji bayan da zafi, cikin kuwa sanyi ƙalau da ɗan gafi, ashe kwantan jiya ne aka sake jefawa cikin baƙin mai don ya yi kama da sabo. Ban ga laifin yarinyar ba, aike aka yi mata. Amma daren nan ban runtsa ba, na kwana tsakanin shimfiɗa da buta. Shari'a ta hana algus a cikin ciniki, kuma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi bayani filla-filla a kan wajabcin bayyana aibin haja ga mai saye. Ban ga abin da zai fitar da kwantan fanke daga wannan hukunci ba don kawai kuɗinsa kaɗan ne.

Fasali a kan hannu, da inda ake samunsa

Rukuni na uku shi ne mafi girma, domin wake ɗaya da mai ɗaya, mace biyu su toya, ka rantse ba abu ɗaya ba ne. A wani lungu na cikin Birni, ba nisa da fada, akwai wata dattijuwa da na daɗe ina sayen ƙosanta. Tun da dare take surfa wakenta ta wanke har ba sauran ɓawo ko baƙin ido. Da sassafe a kai inji a markaɗo da albasa da attarugu, ba ta yarda a cika ruwa. Sa'an nan ta zauna ta rungume ƙwarya tana bugun ƙullun da ludayi, bugu mai tsawo ba hutawa, har ya yi fari ya ƙaru ya yi sauƙi, gishiri kuwa sai a ƙarshe, kaɗan-kaɗan ga wanda za ta toya yanzu. Kafin ta fara sai ta ɗiga ɗan ƙullu a mai, in ya nutse ya daɗe ta ƙara itace, in ya taso nan take yana rawa ta yi bisimilla. Ran nan na ce mata, “Inna, me ya sa naki yake tashi haka, na waɗansu kuwa kamar dutse?” Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, “Malam, su ƙullu suke toyawa, ni iska nake toyawa. Wanda ya ji ƙyuyar bugu sai ya ƙara kanwa, kanwa kuwa ba ta ɓuya a baki.” Na ce to a zuba mini na dala goma. Ta tsame guda-guda ta zuba a takarda, ta barbaɗa yaji, ta ƙara biyu gyara, ta ce, “Ci nan, Malam, kada ka kai gida ya mutu a hanya.”

Maganar tsohuwar nan ta ƙunshi ilmin gaba ɗaya, domin ƙosai ba shi da yis, iskar da bugu ya cusa cikinsa ita ce ke ɗaga shi. Daga nan mai karatu zai iya riƙe alamomin gwana ko a garin da bai san kowa ba. Ya dubi man: in fari ne garau ana ganin gindin kasko, madalla, in ya yi baƙi yana kumfa yana hayaƙi, ya wuce. Ya shinshina: man gyaɗa na gaske yana da ƙamshin da ba ya ɓoyuwa. A nan kada a yi tuya a manta da albasa, a tuna cewa ƙasar Damagaram, musamman kudancinta wajen Magariya da Matamai, ƙasar gyaɗa ce da ta yi suna har aka kafa masana'antun matsar mai, kafin farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 su karya wannan noma, manoma su koma ga wake. Yau yawancin masu tuya da man jarka na waje suke aiki don araha, amma har yanzu akwai matan da suke soya gyaɗa su matse mai a gida su yi ƙuli-ƙuli da tunkuzar, kuma mai tuyar da take saye a wurinsu ta cancanci a ƙara mata kuɗi ba tare da gardama ba. Sa'an nan ya dubi masu saye: in ya ga yaran unguwa da kwanukan gidajensu, da tsofaffi masu fitowa daga masallaci, to ya tsaya, domin maƙwabci ba ya komawa inda aka cuce shi, in kuwa ba mai saye sai matafiya da ba za su sake dawowa ba, ya yi hattara.

Game da wurare kuwa, ga abin da na sani. Mai neman ƙosai da masa ya shiga lungunan Birni da na Zango bayan sallar asuba, ya bi hayaƙi da ƙamshi, ba zai yi nisa ba. Mai son ya ga iri-iri a wuri ɗaya ya je Kasuwar Dole ranar Alhamis, wadda ita ce babbar ranar kasuwar birnin, sa'ad da mutanen ƙauyuka suke shigowa. Wanda yake da hali ya fita Mirriya ranar Lahadi, tafiyar da ba ta kai kilomita ashirin ba, ya ci masar gero a bakin tanda a ranar kasuwarsu. Amma alkaki da dubulan na ƙwarai ba a kan faranti suke ba. Suna cikin gidaje, a hannun matan da suka gaji sana'ar daga iyayensu da kakanninsu, waɗanda ba su fita, sai dai a aika musu a ba da sautu, a faɗi adadin tiyar alkama da ranar da ake so, a kuma bayyana ko na zuma ake so ko na sukari. Hanyar isa gare su ɗaya ce, ka tambayi matan gidan da ka sauka, ko wata uwa da ta aurar da 'ya kwanan nan, domin ita ta riga ta yi maka bincike, ta kuma san wadda ta fitar da ita kunya.

Akwai abin lura a nan wanda ya wuce daɗin baki. Wannan sana'a ita ce jarin matan da ba su da gona ba su da albashi. Da ribar kasko ake sayen kwanonin aurar da 'ya, da ita ake zubin adashi, da ita gwauruwa da wadda mijinta ya tafi ci-rani Libiya ko Nijeriya suke riƙe gida har damina ta zagayo. Sai dai ina da roƙo ɗaya ga iyaye, kada ribar ƙosai ta zama sanadin hana yarinya karatu. A bar ta ta je makaranta da safe, tallan ya jira, ko kuwa mai son ci ya tako da ƙafarsa, wanda ma shi ya fi masa alheri kamar yadda muka riga muka bayyana.

In aka matsa mini in faɗi zaɓina, alhali na san an yi saɓani a kan wannan mas'ala kuma kowane baki da abin da ya saba, to ni a wurina ƙosan asuba mai zafi da man gyaɗa shi ne na ɗaya, alkakin zuma na biyu, funkaso da miyar taushe na uku, masar gero tana biye, fanke kuwa na bar wa yara da matafiya, da sharaɗin su ga fitowarsa daga kasko da idonsu. Ɗan ƙanwata, da na kai shi lungun nan da asuba, ya ci na dala ashirin a tsaye, ya nemi ƙari, bai sake yi mini maganar kanti ba. Kai ma mai karatu, in Allah ya kawo ka Damagaram, ka kwanta da wuri, ka tashi da kiran farko, ka tanadi canji a aljihu, kuma in tsohuwa ta ce ka ci a nan, ka ci a nan.